Mutumin da ya so ya ja jijiya da batir: lamarin Farfesa Richard Borgens

Akwai wani gwaji da in ka gan shi sau ɗaya ba ka mantawa. Ana ɗebo ƙwayoyin jijiya daga ɗan tayin kwaɗo, a zuba su a ɗan faranti da ruwan gishiri, a sa su ƙarƙashin maikroskof, bayan 'yan awowi zaka ga kowace ƙwaya ta fara miƙo wani siririn zare, bakin zaren yana lalube kamar makaho da sanda, wani yayi gabas wani yayi yamma ba tsari. Toh sai a jona wuta kaɗan ta ratsa ruwan, kan batir na fozitif a wannan gefe, na nagetif a wancan. Cikin abin da bai kai awa ɗaya ba sai kaga zarurrukan nan sun fara lanƙwasa suna nufar ɓangaren nagetif, in aka juya wayoyin suma su juya.

Mutum uku ne suka nuna wannan a fili a 1981, Laura Hinkle da Colin McCaig da Kenneth Robinson, kuma abun da ya ɗaure wa mutane kai shine ƙanƙantar wutar. Bambancin milibolt 7 kacal a kowace milimita ya isa ya karkata jijiya. Batirin tocila ɗaya milibolt 1500 ne, kai kayi lissafi da kanka.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da wanda lakarsa ta tsinke yasan tambayar da zata biyo baya. In dai jijiya tana bin wuta a faranti, me zai hana a ja ta da wuta ta tsallake inda ta tsinke a bayan mutum? Wani Ba'amurke mai suna Richard Borgens ya kwashe sama da shekara arba'in a kan wannan tambaya ɗaya, daga kwaɗo har ya kai ga mutane, kuma labarin nasa nake so mu bi daki-daki saboda ni dai ban san wani labari da ya fi shi nuna tazarar dake tsakanin "abu gaskiya ne" da "abu magani ne" ba.

Ina jiki ya samo lantarki tukuna

Mu da muka san minjirya ba sai an rantse mana cewa nama yana yin wuta ba, duk wanda ta taɓa ja a kogi zai baka labari. Amma wutar da ake magana anan ba irin ta minjirya bace mai fizga, ba kuma irin saƙon nan bane da yake gudu a cikin jijiya ya wuce cikin ƙiftawar ido. Wannan wata 'yar wuta ce mai kwanciya, tana nan awa da awanni, kwana da kwanaki, tana gangarawa daga wani wuri zuwa wani kamar ruwa a kwari. Shi yasa ni nake ce mata gangaren lantarki, kuma ana auna tsayin gangaren ne da milibolt nawa ake sauka a kowace milimita.

Fatarmu kanta batir ce. Ƙwayoyinta kullum suna turo sinadarin sodiyam daga waje zuwa ciki, sai cikin ya ɗan fi wajen caji da wasu gomman milibolt. Ranar da wuƙa ta yanke ka an huda batirin kenan, wuta ta fara kwararowa daga gefe-gefe zuwa bakin ciwon tana fita, sai tsakiyar ciwon ta zama kamar kan nagetif. Wani Bajamushe, Emil du Bois-Reymond, tun tsakiyar ƙarni na 19 ya yanki yatsansa da kansa ya auna wutar dake fita, kusan maikro'amfiya ɗaya. Kafin shi akwai Luigi Galvani na Italiya da ƙafafun kwaɗinsa a 1791. Wato maganar tsohuwa ce, abun da ya ɓata ta shine 'yan damfara da suka cika kasuwannin Turai da Amurka da bel-bel da akwatunan wuta wai suna maganin komai, har ta kai masanin kirki in yace yana binciken lantarki da warkewa sai abokan aikinsa su fara kallonsa a kaikaice.

Wanda ya wanke fagen shine Lionel Jaffe a Jami'ar Purdue dake jihar Indiyana. A 1974 shi da ɗalibinsa Richard Nuccitelli suka ƙera wata allura mai ɗan ƙwallon filatinam a baki, tana karkarwa sau ɗaruruwa a sakan ɗaya tsakanin wurare biyu, da haka take iya jin wutar da ta yi ƙanƙantar da babu na'urar da take iya ji a da, kuma ba sai an soka ta cikin naman ba, kusa kawai za'a kawo ta. Daga nan maganar ta tashi daga "wai" ta koma lamba.

Daga Teksas zuwa dungun ƙafar niyut

An haifi Borgens a 1946, ya yi digirinsa na farko da na biyu a Teksas, sannan ya zo Purdue yin digirin dokta a hannun Joseph Vanable da shi Jaffe ɗin, daidai lokacin da allurar take sabuwa. Sa'a ce babba, mutum ya iso ɗakin bincike ranar da aka samu kayan aikin da duniya bata da shi.

Dabbar da ya fara da ita sunanta niyut, in ka ganta zaka ce ƙadangare ne amma dangin kwaɗo ce, a ruwa take, kuma in aka yanke mata hannu sabo yake tsirowa da yatsunsa cif. Babban kwaɗo kuwa in ka yanke masa shikenan, dungu ne har ya mutu. A 1977 suka nuna cewa wuta mai yawa tana fita daga dungun niyut ɗin, tsakanin maikro'amfiya 10 zuwa 100 a kowane murabba'in santimita, tana ɗaukar kwanaki tana fita kafin sabon hannun ya fara ɓullowa, kuma batirin fata ne yake turo ta, don da suka rage sodiyam a ruwan ko suka shafa maganin dake toshe hanyar sodiyam sai wutar ta ragu, tsirowar ma ta samu tangarɗa a da yawa daga cikinsu. Sai suka juya abun, suka dasa wa manyan kwaɗi ɗan batir mai bada maikro'amfiya 0.2 a dungun. Inda aka sa kan nagetif a bakin dungun nama ya ɗan miƙo, kuma cike yake da jijiya fiye da yadda aka saba gani. Inda aka sa fozitif naman lalacewa yayi. Ba hannu aka samu ba fa, kar a fahimce ni a baibai, ɗan tsiro ne mara siffa. Amma yawan jijiyar nan da ya gani shi ya canza masa alƙibla gaba ɗaya.

Da ya gama ya tafi Jami'ar Yale wajen Melvin Cohen, can suna aiki da wani kifi mai kama da maciji da ake kira lamfire. Amfanin kifin shine lakarsa tana da wasu jijiyoyi manya-manya da zaka iya gane kowacce ɗaya-ɗaya kamar yadda makiyayi yake gane shanunsa, saboda haka in ka yanke zaka iya bin kowacce kaga ina ta kwana. A 1980 suka auna suka ga wuta mai ƙarfi tana shiga bakin lakar da aka yanke, sodiyam da kalsiyam ne suke kwarara ciki, kuma kalsiyam in yayi yawa a cikin jijiya cinye ta yake daga ciki, shi yasa jijiyar da aka yanke take ja da baya ta bar bakin ciwon. A 1981 suka fitar da sakamako a mujallar Science cewa in an ɗora gangaren lantarki a kan lakar da nagetif a gaban inda ake so jijiyar ta nufa, waɗanda suke tsallake yankan sun fi yawa.

Lamfire dai ko ba wuta yana ɗan gyara lakarsa da kansa. Dabba mai shayarwa ita ce jarabawar.

Ɓeran Masar da matsalar hanya biyu

Borgens ya dawo Purdue a 1982, ba sashen likitancin mutane ba, makarantar likitan dabbobi, kuma a 1987 ya kafa cibiyar binciken shanyewar jiki a can wadda ya jagoranta har ƙarshen rayuwarsa. A shekarar ne shi da Andrew Blight da Michael McGinnis suka fitar da aikin da ni a ganina ya fi duk sauran wayo. Kun san yadda fatar doki ko saniya take girgiza in ƙuda ya sauka mata a baya? Ɓeran Masar ma yana da wannan, in ka ɗan mintsini fatar bayansa sai ta yamutse. Saƙon yana shiga laka ya hau sama zuwa wajen wuya kafin ya dawo ga tsokar fatar, saboda haka in ka yanke rabin lakar, ƙasa da yankan a wannan gefen fatar ta daina amsawa kenan har abada, bata dawowa da kanta. Kaga an samu ma'auni da ba'a iya yi masa kwaskwarima, ko fata ta motsa ko bata motsa ba. Cikin waɗanda aka sa wa batir mai aiki, kusan kashi ɗaya cikin huɗu fatarsu ta dawo tana amsawa. Cikin waɗanda aka sa wa na bogi ko ɗaya.

Kashi ɗaya cikin huɗu ba wani abun a buga ganga bane, uku cikin huɗu basu samu komai ba. Amma sifili ne a ɗaya ɓangaren, kuma a fagen laka inda mutane suka saba da sifili tun zamanin Fir'auna, wannan ya isa a tsaya a duba.

Sai dai ga wata matsala da duk mai tunani zai hango. Laka titi ne mai hannu biyu, wasu jijiyoyin suna hawa da saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, wasu suna saukowa da umarnin motsi. In ka sa nagetif a sama ka taimaki masu hawa, masu saukowa kuma ka sa su fuskantar fozitif, wanda korar su yake. Ya za'a yi kenan? Amsar daga farantin McCaig ta fito, wanda a lokacin ya koma Jami'ar Aberdeen a Sikotilan. Ya lura cewa zaren da yake fuskantar nagetif nan take yake fara miƙewa, amma wanda yake fuskantar fozitif ba nan take yake ja da baya ba, sai ya ɗauki kamar rabin awa ko fiye tukuna. Toh sai Borgens yace ai kuwa ga ƙofa, a riƙa juya kawunan kowane minti 15, kowane ɓangare ya samu rabonsa na ja, kuma kafin korar ta fara aiki an riga an juya. Na'urar da aka gina a kan wannan dabara ita ake kira OFS a taƙaice, wato na'urar gangaren lantarki mai jujjuyawa. Ku riƙe wannan a ranku domin zamu dawo kansa: minti 15 ɗin nan da aka sa a bayan mutane, daga halin jijiyar ɗan tayin kwaɗo a faranti aka ciro shi.

Karnuka

Anan zamansa a makarantar likitan dabbobi yayi rana. Akwai irin karnukan nan masu dogon jiki da gajerun ƙafafu da Turawa suke ajiyewa a gida, faifan dake tsakanin ƙasusuwan bayansu yana yawan fashewa ya danne laka, kare yana wasa da safe da yamma yana jan gindi. Masu su suna kawo su asibitin jami'ar da kansu suna neman taimako. Wato ba sai ka yanki dabba da gangan ba, ga ciwo na gaske irin wanda yake faruwa a rayuwa, murjewa da dannewa, ba yankan reza mai tsafta na ɗakin gwaji ba.

Gwajin da suka fitar a 1999 an yi shi yadda ya kamata, wannan kam sai an yaba. Karnuka 20 aka dasa wa na'ura mai aiki, 14 aka dasa wa ta bogi. An ƙera na'urorin a garin West Lafayette, aka kai su wani gari daban mai suna Warsaw duk a Indiyana aka sa musu lambobin sirri aka cakuɗa aka rufe, sannan aka dawo da su, saboda haka likitan da yake dasawa da wanda yake duba karen daga baya duk basu san wacce ce wacce ba. Kowane kare an yi masa aikin da aka saba yi da maganin da aka saba bayarwa, kuma an dasa cikin kwana 18 da shanyewar. Bayan wata shida masu na'urar gaske sun fi a kowane fanni da aka auna, amma in aka bi ƙa'idar lissafi, jin zafi a fata ne kawai bambancinsa ya fito sarai, tafiya kuwa, wadda ita ce abun da mai kare ya zo nema, bambancin bai kai a ce ba dace bane. Da aka haɗa makin duka wuri ɗaya lambar da ake auna dace da ita ta fito 0.047, ƙa'idar kuma ita ce ta zama ƙasa da 0.05. An tsallake, amma da ƙyar, irin tsallaken da rigarka take taɓa katanga.

Mutum goma

Da wannan hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta bada izinin a gwada a mutane. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka Scott Shapiro na Jami'ar Indiyana ne ya jagoranci aikin, sakamakon ya fito a farkon 2005. Mutum goma ne, dukkansu lakarsu ta samu rauni cikakke, ba ji ba motsi ƙasa da ciwon, tsakanin ƙashin wuya na biyar zuwa na goma a ƙasusuwan bayan dake daidai ƙirji. An dasa musu na'urar cikin kwana 18, wayoyi uku sama da ciwon uku ƙasa, ɗinke a jikin tsoka da ƙashi ba tare da sun taɓa lakar kanta ba, tana juyawa kowane minti 15, bayan sati 15 aka sake buɗewa aka cire. Aka bi su shekara guda, ɗaya ya ɓace wa masu binciken bayan wata shida.

Ta fuskar lafiya ba'a samu wata babbar matsala ba, mutum ɗaya ne wajen aikin ya ɗan ruɓe bayan an cire. Ta fuskar amfani, a ma'aunin da likitocin laka suke amfani da shi jin taɓawa ya ƙaru da maki 25.5 a tsakaice, jin tsinin allura 20.4, motsi kuma 6.3. Domin ku gane girman lambobin, cikakken makin taɓawa 112 ne, na allura ma 112, na motsi 100. Ciwon da suke ji ma ya sauka daga 8 zuwa 2 a ma'aunin goma. Babu wanda ya tashi ya taka.

Yanzu fa kar wani ya raina dawowar ji. Wanda yake kwance baya jin bayansa shine gyambon kwanciya yake ci bai sani ba, kuma gyambon nan da ciwon mafitsara su suke kashe da yawa daga cikin masu wannan lalura, ba tsinkewar lakar kanta ba. In mutum ya dawo yana jin cewa gefen nan ya gaji a juya shi, an ƙara masa kwana da yardar Allah.

Amma ga inda gizo yake saƙar. Babu rukunin bogi. Duk goman an sa musu ta gaske, sun sani, likitocinsu sun sani, kuma gwajin ji tambaya ce ake yi wa mutum, "ka ji ko baka ji ba", mutumin da aka yi wa tiyata biyu yana fatan ya ji. Sannan masu raunin laka da yawa suna ɗan samun sauƙi da kansu a shekarar farko yayin da kumburi yake sauka, musamman 'yan gaɓoɓin dake kusa da ciwon. Masu binciken sun kwatanta da alƙaluman wasu majinyata na wani tsohon gwaji suka ce nasu sun fi, toh amma wasu mutane ne a wani lokaci a hannun wasu likitoci. Wannan ba laifin kowa bane, matakin farko dama aikinsa ya nuna abu baya cutarwa ne. Mataki na gaba, mai mutane da yawa da na'urar bogi kamar yadda aka yi wa karnuka, shine zai raba gardama.

Ba'a taɓa kammala shi ba har yau.

Yadda kuɗi suka ƙare

An kafa ƙaramin kamfani mai suna Andara don ya kai na'urar kasuwa, a 2006 wani kamfani, Cyberkinetics, ya saye shi, wannan kamfanin shine mai aikin BrainGate na dasa wayoyi a ƙwaƙwalwa. Maimakon babban gwaji mai cin miliyoyin daloli da shekaru, sai suka nemi gajeriyar hanya da dokar Amurka ta tanada a lokacin wa na'urorin cutukan da basu kama mutum 4000 a shekara ba, inda ake buƙatar ka nuna abu baya cutarwa kuma da alamar yana amfani. Sun shigar da takarda a 2007, hukumar ta nemi ƙarin bayanai, ana cikin haka tattalin arziƙin duniya ya rufta a 2008, kamfanin ya ƙare da kuɗi ya fara sayar da kayansa, a farkon 2009 wani kamfani mai suna NeuroMetrix ya karɓi na'urar. Bata shiga kasuwa ba.

Mutane suna son su ce an danne magani ne, kullum haka ake cewa. Ni ban ga danniya anan ba, lissafin 'yan kasuwa na gani. Majinyatan da suka dace 'yan kaɗan ne, dole a same su cikin kwana 18, na'urar batir ce da wayoyi ba wani abun da za'a riƙa saye kowane wata ba, ga hujjar da za'a nuna wa masu zuba jari mutum goma ne ba rukunin kwatance.

Sukar da ta fito daga cikin gida

Abun da ya fi jan hankalina a duk lamarin shine wanda ya fi sukar aikin da hujja ba wani bare bane. Kenneth Robinson ne, shi ɗin dai na gwajin 1981, wanda shima ya yi aiki da Jaffe kuma a lokacin farfesa ne a Purdue ɗin. A 2008 shi da Peter Cormie suka rubuta takarda suna tambaya ƙarara ko gwaje-gwajen faranti sun isa su zama tushen abun da aka yi wa mutane.

Hujjarsu ta farko lamba ce. Na'urar tana bada gangaren da bai wuce milibolt 0.5 zuwa 0.6 a milimita ba. Jijiyar kwaɗo, wadda ita ce ta fi kowace jin wuta, sai an kai wajen 7 take karkata. Wato abun da aka bawa mutane bai kai kashi ɗaya cikin goma na mafi ƙarancin abun da aka ga yana aiki a faranti ba. Ta biyu, jijiyoyi ba halinsu ɗaya ba. Sun gwada na wani ɗan kifi da ake yawan bincike da shi, ko gezau basu yi ba. Tun kafin nan Ann Rajnicek a Aberdeen ta nuna wasu jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɓera gicciye suke kwanciya, basu bin nagetif basu bin fozitif, kuma a 1998 ita da Robinson da McCaig sun nuna ko jijiyar kwaɗon ma in ka canza abun da aka shafe farantin da shi sai ta juya ta nufi fozitif. Toh in shimfiɗar faranti kawai tana juya alƙibla, wa zai ce ga inda jijiyar baligin mutum zata nufa a cikin tabo da kumburi da mataccen jini?

Ni anan nake tsayawa. Ina ganin Borgens yayi gaskiya a kan halitta, jiki yana yin wannan wuta kuma ƙwayoyi suna sauraronta, wannan an wuce gardamarsa. Ina kuma ganin sakamakon ɓeran Masar da na karnuka ba abun watsarwa bane, mai yiwuwa wutar tana wani amfani ta wata hanya daban, ko rage ja da bayan jijiya, ko shafar ƙwayoyin da suke gina tabo, ko jijiyoyin jini, ba lallai jan zare irin na faranti ba. Amma bayanin da aka gina na'urar a kansa, da minti 15 ɗin, da ƙarfin wutar, duk sun tsaya ne a kan ƙafa siririya, kuma ya yi saurin hawa daga dabba zuwa dabba kafin a cike ramukan dake baya. Ko zan zarge shi? Da wuya. Mutumin da kullum yake ganin kare yana jan gindi a farfajiyar wajen aikinsa, iyayen yara suna masa waya, ba zai iya jiran shekara ashirin a gama gardamar faranti ba, Robinson kuma da yace a dakata a auna shima aikinsa yake yi.

Abun da ya rage a ƙasa

Fagen bai mutu ba, sai dai ya koma inda wutar take da ƙarfi kuma ake iya aunawa, wato ciwon fata da na ido. Tun 1982 su Jaffe da Vanable sun auna gangaren da ya kai milibolt 100 zuwa 200 a milimita a bakin ciwon fatar ɓeran Masar, kaga wannan ya ninka na na'urar laka sau ɗaruruwa. A 2006 Min Zhao da McCaig da abokansu suka nuna a mujallar Nature cewa in ka juya gangaren a kan ciwo sai ƙwayoyin su juya baya ciwon ya ƙara buɗewa maimakon rufewa, har suka gano ƙwayoyin gado biyu da suke riƙe da linzamin abun.

Sannan kar a haɗa wannan da labaran da ake gani yanzu na shanyayyu da suka tashi tsaye bayan an dasa musu wayoyi a baya, irin aikin Susan Harkema a Amurka a 2011 da na Grégoire Courtine a Suwizalan a 2018. Waccan wutar bugawa take, tana tada jijiyoyin da suka rage a raye ƙasa da ciwon. Ta Borgens kwanciya take tana jiran sabon zare ya tsiro. Haka ma 'yan injinan nan masu tsikarar fata da ake tallatawa wai suna tada shanyayye, basu da alaƙa da ko ɗaya daga cikin biyun.

Borgens kansa bai tsaya a kan batir kaɗai ba. A cibiyarsa an gwada wani magani mai suna 4-AP a karnuka, wanda yake taimaka wa jijiyar da rigarta ta saɓule ta iya kai saƙo, Blight ya koma kamfanin da ya ci gaba da shi, a 2010 aka amince da shi a Amurka, ba don raunin laka ba, don taimaka wa tafiyar masu wata cuta daban da take cin rigar jijiya. Shi da Riyi Shi kuma sun yi aiki a kan wani sinadari mai suna PEG da yake liƙe ɓarakar jikin jijiya in an bada shi da wuri. Borgens ya rasu a ƙarshen 2019 yana da shekara 73, yana riƙe da kujerar farfesa mai sunan Mari Hulman George, matar da a da danginta suke da filin tseren motoci na Indiyanafolis, wadda ta daɗe tana tallafa wa cibiyar da kuɗinta. Gwajin da aka yi wa OFS a kan rauni na gaske, ba na ɗakin gwaji ba, da na'urar bogi da likitocin da basu san wacce ce wacce ba, mafi girma da aka buga har ya bar duniya, shine na karnukan nan 34.